Rigar Matafiyin Auta

Ranar da abin ya fara, babu abin da ya raba yammacin da sauran. Rana ta yi ja ta faɗa bayan gidajen da ke ƙetaren titi, inuwar katanga ta rufe tsakar gida, Tela kuwa tana kan kekenta tana ƙarasa kalmasar wani siket kafin haske ya ƙare mata. Shekara ashirin da shida ke nan tana ɗinki a wannan ɗakin na bakin ƙofa, har sunanta na yanka ya ɓace a bakin mutane. Mace ce mai hannu, mai ido, mai kuma zargi. Idan aka ce mata yadi biyar aka kawo, sai ta auna a gaban mai shi. Idan aka gaishe ta da fara'a da yawa, sai ta wuni tana tunanin abin da ake nema a wurinta.

Baƙin zare ne ya ƙare mata, ta tashi ta shiga ɗan ɗakin ajiya da ke bayan ɗakin ɗinkin, inda buhunan ƙyallaye suke jibge har kusa da rufi. Nan ne 'yarta ta ƙarshe, Auta, take son zama da yamma. Yarinyar ta gama sakandare tana jiran sakamako, yayyenta duk sun yi aure sun watse, ita kaɗai ta rage a gaban iyayen. A kan buhun da take zama Tela ta ga wani littafi mai shuɗin bango a kife. Da wata uwar ce, da ta ɗauki zarenta ta fita. Tela ta juya shi.

Tabaranta yana can kan keke, ɗakin kuma ya fara duhu, don haka manyan rubutun kawai ta iya gani. A saman shafin an zana doguwar rigar namiji. A ƙarƙashinta an rubuta AWONSA, sai jerin ƙananan lambobi. Can ƙasa kuma an ja wa wani layi ɗaya zane biyu: “Zai fita da magariba, ba wanda zai sani a gidan.”

Tela ta san yadda ake ɗaukar awon namiji. Sai an tsaya kusa da shi, sai an zagaya masa tef a wuya.

Ta tarar da Auta a bakin famfo tana wanke kofuna. Ta ɗaga mata littafin a fuska.

“Wane ne shi?”

“Umma, labari nake rubutawa. Wani matafiyi ne. Kayan da zai sa nake zaɓa masa.”

“Labari da awon wuya? Ni za ki raina wa hankali? Ni na haife ki fa.”

“Wallahi babu kowa, Umma. Ki karanta ki gani.”

“Na ga abin da zan gani.”

Ta jefa littafin a aljihun keken ɗinki, ta murɗa makulli, ta ɗaura makullin a zare ta rataya a wuyanta. Auta ba ta yi kuka ba. Ta tsaya da kofi a hannu, ruwa yana ɗiga daga yatsunta, tana kallon ƙofar ɗakin ajiya kamar wadda ta bar baƙo a ciki. A daidai lokacin maigidan ya turo ƙofa da sallama. Mai gyaran agogo ne a kasuwa, mutum mara hayaniya, wanda duk abin da ya faru sai ya fara duba tsintsiyar hannunsa. Bai gama cire takalmi ba dutse na farko ya faɗo a kan kwanon rufin.

Ƙarar ba ta da girma. Dutsen ya gangaro a hankali, yana tsalle a kan ramukan kwanon, ya faɗo tsakar gida ya tsaya a gaban ƙafar Tela. Sai na biyu, sai na uku. Daga nan gidan ya yi tsit, irin shirun da har kukan tsuntsayen da ke komawa sheƙa sai da ya ɗauke.

“Ka ji ko?” in ji Tela. “Alama yake yi mata.”

Washegari da magariba duwatsun suka dawo, jibi ma haka. Tela ba ta sha wahalar samun wanda za ta ɗora wa laifi ba. A ƙarshen layinsu akwai wani mai gyaran rediyo da ake kira Dogo, gwauro, wanda ya taɓa gaishe da Auta sau ɗaya a gabanta. Doguwar riga, dogon mutum, magana ta ƙare. Ta yafa mayafi ta nufi shagonsa da kalmominta a shirye, ta tarar da ƙofa a garƙame da kwaɗo, ƙura ta lulluɓe shi. Maƙwabcin shagon ya ce ai Dogo ya faɗo daga tsani, wata guda ke nan yana kwance a asibiti da ƙafa a rataye. Wannan bai sa ta sauko ba. Ta dawo gida tana cewa to wani ne ya aiko, ko kuma wani dogon ne daban, dogaye ai ba su ƙare a duniya ba.

Sai ta juya kan mijinta. Don me ba ya faɗa? Don me idan dutse ya faɗo sai ya duba agogo maimakon ya fita da sanda? Ko ya san wani abu ne, shi da 'yarsa suka haɗa baki? Mai Agogo ya bar ta ta gama. Rana ta huɗu ya rufe shago da wuri, ya jingina tsani ya hau katanga tun rana ba ta faɗi ba, ya zauna inda yake ganin rufin da layin gaba ɗaya. Da ya sauko fuskarsa ta canja.

“Babu mai jifa,” ya ce a hankali. “Daga sama suke fitowa, kamar kamu biyu bisa rufin. Kafin nan babu su.”

Ya miƙa mata ɗaya. Dutsen yana da ɗumi kamar wanda aka daɗe da riƙewa a tafin hannu. Ta yar da shi, ta ce tsufa ne ya fara taɓa masa ido.

Bayan mako guda abin ya shigo ɗaka. Tela takan bar tef ɗinta a naɗe, ta dawo ta tarar da shi a miƙe a ƙasa daga bango zuwa bango. Allin da take zana yadi da shi ya riƙa ƙarewa ba ta taɓa shi ba. Wata magariba suna zaune su uku a tsakar gida, kowa da abin da ke cin sa, suka ji keken ɗinki ya fara juyawa a ɗakin da babu kowa. Ya yi tafiya kaɗan ya tsaya, ya sake yi ya tsaya, yadda wanda bai iya ba yake taka shi. Daga can cikin ɗakin ajiya kuma wata murya ta fito, busasshiya, ba ta namiji ba, ba ta mace ba.

“Ba a gama ba.”

Mai Agogo ya fara karanta duk abin da ya zo bakinsa. Tela ta damƙe makullin da ke wuyanta. Ko a wannan lokacin sai da ta saci kallon bakin Auta, ta ga ko yarinyar ce take wani siddabaru. Bakin Auta a rufe yake, idonta a buɗe, amma babu kowa a cikinsa.

Tun daga ranar Auta ta daina magana. Da rana tana nan kamar marar lafiya, a ba ta abinci ta ci, a ce ta kwanta ta kwanta. Amma rana tana taɓa rufin gidajen ƙetare sai ta miƙe, ba takalmi, ba mayafi, ta nufi ƙofa. Ranar farko a bakin ƙofar ta tsaya, har duhu ya sauka ta dawo da kanta. Rana ta biyu ta kai wurin sandar lantarki. Suka kulle ƙofa, kwaɗon ya buɗe da kansa ya faɗi. Suka riƙe ta su biyu, siririyar yarinyar nan ta ja su har waje kamar ba ta ji nauyinsu ba. Mai Agogo ya riƙa bin ta a baya yana ƙirga taku, ya gane kullum tana ninka na jiya.

“Yau ta kai shagon Dogo,” ya ce wa matarsa. “Gobe mahaɗar titi. Jibi babbar hanya, inda manyan motoci suke wucewa. Daga can ban san inda za mu same ta ba. Tela, ki bar ni in kira Malam.”

A wannan karon ba ta yi musu ba. Tsoro ya kama ta sosai.

Malam ya zo da la'asar sakaliya a kan wani tsohon keke. Dattijo ne ɗan siriri, ya yi shekaru yana koyarwa kafin ya ajiye aiki, mutane kuma sun san shi da karatu a kan masu irin wannan lalura. Bai zo da jaka ba, bai zo da turare ba, kofin ruwa kawai ya nema. Tela ta dube shi sama da ƙasa, ta lura maɓallin rigarsa ɗaya ba irin sauran ba ne, ta ce a ranta wannan ko kansa bai iya gyarawa ba. Ya tambayi ranar da abin ya fara da abin da ya faru a ranar. Mai Agogo ya kalli matarsa. Ta ce babu komai, faɗan uwa da 'ya ne. Malam ya gyaɗa kai.

“To. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.”

Aka zaunar da Auta a kan tabarma a ɗakin ɗinki, fuskarta tana kallon ƙofar ɗakin ajiya. Malam ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, ba kuma da sauri ba. Hasken taga ya yi ja, ya koma ruwan toka. Da lokacin fitarta ya yi Auta ta yunƙura za ta tashi, ta kasa, kamar an danne mata kafaɗu. Wuyanta ya miƙe. Hannayenta suka zube a gefenta har yatsun suka taɓa ƙasa. Bakinta ya buɗe, muryar nan ta fito.

“Ya isa. Kana ƙona ni.”

“Wane ne kai?”

“Maƙwabci. Ina nan tun ba a aza tubalin gidan nan ba. Ban taɓa ɗaukar musu ko allura ba.”

“Me ya haɗa ka da yarinyar mutane?”

“Ita ta kira ni.”

Tela ta yi wani ƙaramin sauti a maƙogwaro. Malam ya ɗaga mata hannu.

“Kowace magariba tana zuwa ta zauna a kan buhuna,” in ji muryar. “Ta ce, kai matafiyi, hanyarka akwai nisa, akwai dutse, akwai kogi, wace riga za ka sa? Ta ce, ka fi son mai hula ko mara hula? Wa ke ɗakin in ba ni ba? Shekaru nawa ina kwance a bayan bangon nan, ba wanda ya taɓa tambayata abin da nake so. Ban taɓa wuce ƙarshen layin nan ba. Ta gaya mini akwai gari a bayan duwatsu, ta ce da magariba zan fita. Na shirya. Sai aka kulle ni a bakin ƙofa, ba riga, ba hanya.”

“Ba da kai take ba,” in ji Malam. “Mutumin cikin labari take yi wa magana. Babu shi, ƙirƙirarsa ta yi.”

“In babu shi, awon wa ta rubuta? A duba.”

Malam ya juyo ya kalli Tela, mijinta ma ya kalle ta. Ta ciro zaren daga wuyanta, ta buɗe aljihun keken, ta sa tabaranta. Kwana goma sha biyu littafin yana ƙarƙashin hannunta, ba ta sake buɗe shi ba, don wanda ya riga ya yanke hukunci ba ya son ƙarin shaida. Ta kai shafin kusa da fitila ta karanta lambobin.

Kafaɗa inci goma sha ɗaya. Wuya inci bakwai. Hannu inci arba'in da huɗu. Tsawon riga inci tamanin.

Ta sake karantawa. Yarinya 'yar shekara goma ta fi wannan faɗin kafaɗa. Hannun da ya kai haka sai ya wuce gwiwa. Babu namijin da Allah ya halitta a cikin mutane da zai shiga wannan riga, kuma ɗan koyon da ya yi mako biyu a shago ma zai gane haka da kallo ɗaya. Auta ba ta taɓa riƙe tef ba. Tela da kanta ta hana ta, ta ce hannunta na biro ne, ba za ta ƙare a kan keke da ciwon baya irin nata ba. Lambobin daga ka yarinyar ta zubo su, yadda suka zo mata.

“Babu mutum,” Tela ta ce, kamar da kanta take magana. “Wayyo ni. Babu kowa.”

“Awona ne,” in ji muryar. “Ko inci ɗaya bai kuskure ba.”

Kunya ta rufe Tela har ta fi tsoron yawa. Ta tuna Dogo da ƙafarsa a rataye, ta tuna abin da ta gaya wa mijinta, ta tuna yarinyar da kofi a hannu tana cewa ki karanta ki gani.

Malam ya ce, “Ko da awonka ne, jikin da kake ciki ba naka ba ne. Zalunci kake yi. Fita.”

“A ba ni rigata in fita. In ba haka ba da ita zan tafi, ita ta san hanya.”

Malam ya koma karatu, muryar ta yi ƙara, jikin Auta ya riƙa karkarwa har haƙoranta suna haɗuwa. Tela ta ga jijiyar wuyan 'yarta ta tashi, ta kasa jurewa.

“Malam, dakata. In riga ce, ni tela ce.”

Dattijon ya dakatar da karatun. Ya ce da yanka ya nema, ko wani abu na girmamawa, da ko sauraronsa ba za a yi ba. Amma tufafi ga maƙwabcin da zai tashi, wannan babu laifi, muddin zai rantse da Wanda ya halicce shi cewa zai fita ba zai dawo ba. Muryar ta yarda. Malam ya ce a faɗi irin rigar.

Muryar ta ce, “Tana shafi na gaba. Farar siliki har ƙasa, da jan ɗamara, da maɓallan azurfa goma sha biyu.”

Duk da halin da ake ciki, sai da telancin ya motsa.

“Farar siliki? A hanyar dutse da kogi? Kafin ka kai mahaɗar titi ta zama tsumma. Kuma har ƙasa, ƙaya ta kama ka, ruwa ya ja ka? Wa ya ce maka ana tafiya da maɓalli goma sha biyu? In ɗaya ya tsinke a daji wa zai ɗinka maka?”

Da muryar ta sake fitowa ta ɗan yi laushi.

“To me ake sawa?”

“Kaki mai kauri, ruwan ƙasa, wanda ba ya nuna datti. Tsawon ya tsaya a ƙwauri. In ninka maka gwiwar hannu da kafaɗa, nan ne riga take fara mutuwa. In sa mata shafi daga ciki saboda sanyi, da hula a haɗe saboda ruwa. Igiya uku a maimakon maɓalli. Jan ɗamarar dai na bar maka, tunda ita ta zaɓa.”

“Da aljihu,” in ji muryar da sauri. “A ciki, ta hagu. Babba.”

Mai Agogo ya buɗe baki zai ce an yarda, don shi so yake a gama. Tela ta dafa masa gwiwa. Ta san wannan saurin. Haka masu kawo ɗinki suke yi idan sun ajiye ainihin abin da suke so sai ƙarshe, su jefo shi kamar ba komai ba. Halin nan nata da ya jawo musu wannan masifa, yau dai ya sami inda ya dace da shi.

“Me za ka sa a ciki?”

“Guzuri.”

“Wane irin guzuri?”

Malam ya ja numfashi zai fara karatu.

“Muryarta,” aka ce da ƙyar. “Muryar kawai. Jikin na bar muku. Ban san hanya ba, ita take gaya mini.”

Mai Agogo ya yi salati. Tela ta kalli littafin da ke hannunta. Wata uku yarinyar ta yi tana cika shi, kuma ba nata ba ne balle ta bayar. Amma babu wani abin da za ta iya ajiyewa a madadin.

“Hanyar tana cikin nan. Duk abin da ta gaya maka a nan ta rubuta shi. Shi zan yi wa aljihu.”

“Ba ta kai ƙarshe ba.”

“Babu matafiyin da ake rubuta wa ƙarshen hanyarsa,” in ji Malam. “Ka karɓa, ko in ci gaba.”

Sannan muryar ta rantse, kalma bayan kalma yadda Malam ya faɗa mata, ta ce gobe da magariba.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma Tela ba ta da wata ranar. Ana buɗe kasuwa tana bakin shagon mai yadi. Ta dawo ta shimfiɗa kakin a ƙasa, don teburinta bai kai tsawonsa ba, ta durƙusa tana zanawa da alli. Hannunta ya riƙa ƙin lambobin, sau biyu tana samun kanta ta faɗaɗa kafaɗar zuwa ta mutane, ta goge ta sake. Masu karɓar ɗinki suka zo, Mai Agogo ya sallame su daga ƙofa. Ba ta ci ba, ba ta sha ba. Da ta zo kan aljihun, ta ɗora littafin a kan ƙyallen ta zagaye shi da alli, ta yanka daidai, ta bi shi da ɗinki biyu. Ko takarda ɗaya ba za ta shiga bayansa ba. Ta so ta buɗe ta karanta ko shafi ɗaya ne kafin ta zura shi, ta ga rana ta riga ta karkata, ga hannu ɗaya ba a haɗa ba.

Malam ya dawo a kan lokaci. Aka zaunar da Auta a tsakar gida, babanta yana riƙe da hannunta. Tela ba ta taɓa barin riga ta fita daga ɗakinta ba a gwada ba, yau ma ba ta ga dalilin farawa ba. Ta hau kan kujera a bakin ƙofar gida, ta ɗaga rigar ta kafaɗu, dogayen hannayen suna lilo.

“Bismillah. Zo ka sa.”

Auta ta yi wata doguwar ajiyar zuciya ta sulale a jikin babanta. Iska ba ta motsa ba. Amma rigar da ke hannun Tela ta fara nauyi. Hannun dama ya cika tun daga sama har ƙasa, sannan na hagu. Kafaɗun suka ɗago daga yatsunta. Hular ta tashi ta tsaya a kan abin da ba a gani, sama da kanta duk da tana kan kujera. Wani sanyi ya bugi fuskarta, mai warin tsohon ƙyalle. Ta sauko ta zagaya shi, ta ja kalmasar ta ga ta zauna, ta ɗaure igiyoyin uku, ta ɗaura jan ɗamarar. Ta dafa ƙirjin ta hagu ta ji taurin littafin, shi kaɗai.

“Ta yi maka,” ta ce. “Allah ya kiyaye hanya.”

Rigar ta ɗan sunkuya ta fita ta ƙofa. Layin babu kowa, kowa ya shige gida. Suka ga ta wuce sandar lantarki, ta wuce shagon Dogo, tana tafiya a hankali irin ta wanda bai saba da titi ba. Wajen mahaɗar duhu ya haɗiye ruwan ƙasan, jan ɗamarar ya ɗan ƙara daɗewa, shi ma ya ɓace. Malam ya tofa addu'a a ruwa ya ce a shafa wa yarinyar, ya hau kekensa.

Auta ta buɗe ido ta nemi ruwan sha da muryarta ta da. Mai Agogo ya fashe da kuka kamar yaro, bai ko duba agogo ba. Tela ta durƙusa a gaban 'yarta, ta gaya mata komai, ba ta rage ba, har da littafin da ta bayar ba da izininta ba, ba ta kuma karanta shi ba.

“Na zarge ki a kan abin da ba ki yi ba. Ki yafe mini, Auta.”

Babanta ya tambaye ta a hankali ko tana tuna inda matafiyin zai je. Ta runtse ido, ta yamutsa goshi, ta girgiza kai. Labarin ya tafi gaba ɗaya. Hawaye suka zubo mata, ta share da bayan hannu, ta ga alli a yatsun uwarta da inda allura ta sossoke su.

“Wace iri kika ɗinka masa?”

Tela ta gaya mata: kakin, shafin, gwiwar hannun da aka ninka, igiya a maimakon maɓalli. Auta tana saurare tana gyaɗa kai.

“Igiya,” ta ce. “Ban taɓa tunanin igiya ba. Wata uku ina fama da rigar nan, Umma. Kullum sai in zo bakin ƙofarki da littafin, ki ce in tafi in yi karatu kada in ɓata miki lokaci. Shi ya sa na koma ina tambayar bango.”

Tela ta tashi ta shiga ɗakin ɗinki, ta kwashe tarin yaduddukan da ke kan ƙaramar kujerar da ke gefen keke, ta zubar da su a ƙasa, ta goge kujerar da gefen zanenta.

“Zo ki zauna nan,” ta ce.